Rigar Zaman Ɗaki a Dandalin Wasan Kwaikwayo na Ingila

Turawan Ingila suna da wata doguwar riga buɗaɗɗiya ta gaba, mai ɗamara, wadda mutum kan yafa bisa kayan barcinsa kafin ya shirya fita. Ba a shiga taro da ita. Amma a tarihin wasan kwaikwayonsu ta yi suna, kuma mutum ɗaya ne sanadi, wato Noel Coward, wanda aka haifa a 1899 ya rasu a 1973.

A shekarar 1924 Coward ya fito a Landan cikin wasan da ya rubuta da kansa mai suna The Vortex. Labarin wani saurayi ne da miyagun ƙwayoyi suka kama, da uwarsa mai bin samari. A kashi na ƙarshe saurayin ya shiga ɗakin uwar da dare sanye da wannan riga, suka faɗa wa juna gaskiya. Rigar ita ta sanar da 'yan kallo cewa an shiga sirrin gida, inda ba a ɓoye komai.

Daga nan jaridu suka riƙa buga hotonsa cikin rigar siliki, har jama'a suka ɗauke shi ɗan hutu, wanda bai san wahala ba. Alhali kuwa ɗan masu ƙaramin ƙarfi ne, ya fara hawa dandali yana ɗan shekara 11. Wasansa Private Lives na 1930 a kwana 4 ya tsara shi a Shanghai, yana kwance ba lafiya. Da ya ga rigar ta bi shi, sai ya mai da abin raha: a wasan Present Laughter, wanda aka fara nunawa a 1942, ya fito a matsayin ɗan wasa mai son kansa, mai tarin irin waɗannan riguna.

Na kawo wannan tarihi ne domin malamai masu shirya wasa a makarantu. Na sha ganin an kwashe makonni ana haddar magana, sai ranar wasa a ari duk rigar da ta samu. Wannan kuskure ne. Mu tuna da marigayi Usman Baba Pategi: kakin soja da gashin baki su ke gabatar da Samanja tun bai buɗe baki ba. Saboda haka a zaɓi tufafin kowane ɗan wasa tun ranar da aka raba matsayi, kuma bayan wasa a adana su tare da rubuta sunan wasan da shekararsa.