Ilimin filasma: doguwar hanyar zama malamin jami'a a fannin da allo da alli suka isa a fara

A watan Fabrairun 2025, wata na'ura mai suna WEST da ke Kadarash, a kudancin Faransa, ta riƙe filasma mai tsananin zafi har tsawon daƙiƙa 1,337, wato sama da minti 22. Makonni kaɗan kafin nan, na'urar EAST ta ƙasar Sin ce ke kan gaba da daƙiƙa 1,066. Hotunan irin waɗannan wurare kan nuna manyan ƙarafa da injiniyoyi sanye da hular kwano. Waɗanda ba a cika gani ba su ne masu nazarin filasma ta hanyar lissafi, mutanen da kayan aikinsu bai wuce allo, takarda da kwamfuta ba, alhali lissafinsu ne ke hango abin da zai faru cikin na'urar tun ba a kunna ta ba.

Shiga wannan fanni ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. Inda gizo ke saƙa shi ne samun kujerar dindindin a jami'a, domin hanyar na cin fiye da shekara goma, kuma ƙarshenta ƙunci gare shi.

Mece ce filasma?

Idan aka zafafa ƙanƙara takan zama ruwa, ruwa ya zama tururi. Idan zafin ya ci gaba da hauhawa, sai ilektaron su ɓalle daga ƙwayoyin zarra, abin da ya rage ya zama wata irin iska mai ɗauke da cajin lantarki. Ita ce filasma, sunan da Ba'amurke Irving Langmuir ya laƙaba mata a 1928. Rana da taurari filasma ne, haka ma walƙiya. Duk wanda ya taɓa kama tashar waje a gajeren zango ya ci moriyarta, domin wani rufin filasma da ke can saman sararin samaniya ne ke maido da sautin rediyo ƙasa.

Abin da ya sa manyan ƙasashe ke zuba kuɗi a fannin shi ne makamashi. Tashoshin nukiliya na yau, irin waɗanda suka daɗe suna aiki da uraniyom na Arlit, fasa manyan ƙwayoyin zarra suke yi. Ita kuwa rana haɗe ƙananan ƙwayoyin haidurojin take yi, kuma wannan haɗewar ake son kwaikwayo a doron ƙasa. Babban aikin gwajin shi ne ITER, shi ma a Kadarash, wanda Tarayyar Turai, Amurka, Rasha, Sin, Indiya, Japan da Koriya ta Kudu suka sa wa hannu a 2006. Burin shi ne a kai filasma zafin digiri miliyan 150, ninki goma na zafin tsakiyar rana, a samu megawat 500 daga megawat 50 da aka zuba wajen zafafa ta. A 2024 shugabannin aikin sun sanar da sabon jadawali da ya ɗage babban gwajin zuwa 2039.

Aikin mai lissafi

Babu ƙarfen da zai jure irin wannan zafi, don haka da ƙarfin maganaɗisu ake rataye filasma a tsakiyar na'ura ba tare da ta taɓa bango ba. Matsalar ita ce ba ta zama wuri ɗaya. Takan hargitse kamar ruwan gulbi a tsakiyar damina, zafin ya riƙa zurarewa. Aikin mai lissafi shi ne ya gano dalilin zurarewar da yadda za a rage ta, da alƙalami ko da manyan kwamfutoci.

Tarihin fannin na nuna irin haƙurin da yake nema. A 1946, Lev Landau na Tarayyar Sobiyet ya nuna da lissafi kawai cewa igiyar motsi cikin filasma na iya mutuwa ko da ƙwayoyin ba su yi karo da juna ba. Sai a 1964 gwaji ya tabbatar da maganarsa. Cikakkiyar hujjar lissafi kan babban ɓangaren matsalar kuwa sai a 2009 Faransawa biyu, Clément Mouhot da Cédric Villani, suka kawo ta, kuma tana cikin ayyukan da suka ba Villani lambar Fields a 2010. Hannes Alfvén ɗan ƙasar Suwidin ya yi hasashen wasu igiyoyin filasma a 1942, bai karɓi lambar Nobel ba sai a 1970.

Matakan hawa a Faransa

Tsarin Faransa ne ya fi kusa da wanda ɗaliban Nijar suka sani. Bayan bak, lisans na cin shekara uku, mastar biyu, digirin dokta uku. Shekara takwas ke nan idan ba a maimaita aji ba, kuma ba a tsaya jiran kuɗin karatu ba. Ana koyon fannin a wurare irin su jami'ar Eks-Marsey, jami'ar Loren da ke Nansi da makarantar Politeknik kusa da Paris, ga kuma cibiyar binciken hukumar CEA da ke Kadarash.

Digirin dokta ba ya ba mutum kujera. Bayansa akan shiga kwantiragin bincike na wucin gadi da ake kira fosdok, na shekara ɗaya zuwa uku, sau da yawa a wata ƙasar. Wasu kan yi biyu ko uku a jere. A wannan lokacin ne ake auna mutum da yawan maƙalun da ya wallafa da kuma ingancinsu.

Kujerar dindindin ta farko a jami'a ita ce ta metir-da-konferans. Bisa hanyar da aka saba, sai majalisar jami'o'i ta ƙasa, CNU, ta tantance takardun mutum, sannan ya nemi gurbi a jami'ar da ta buɗe shi, ya kara da sauran masu nema. Wanda ya samu zai koyar awa 192 a shekara, sauran lokacin na bincike ne. Ɗaya ƙofar ita ce gasar shekara-shekara ta cibiyar bincike ta ƙasa, CNRS, inda babu tilas na koyarwa. Kafin a kai matsayin farfesa kuma akwai wata takardar, HDR, mai nuna cewa mutum ya isa ya jagoranci masu neman digirin dokta.

Wani abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne waɗannan kujeru a buɗe suke ga baƙi, ba sai ɗan ƙasa ba. Sai dai baƙo na da ƙarin kaya a kai. Takardar zamansa na rataye da kwantiraginsa, wasu ɗakunan binciken kuma ba a shiga sai da izinin jami'an tsaro. Ga ɗan Nijar, rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai a Janairun 2024 ya ƙara tsawon hanyar neman biza.

A Amurka, inda Lyman Spitzer ya fara aikin da ya zama cibiyar filasma ta Firinston a 1951, sabon malami kan yi kimanin shekara shida ana gwada shi kafin a tabbatar masa da kujera. A Jamus, inda cibiyar Max Planck ke gudanar da na'urar Wendelstein 7-X, doka ta ƙayyade yawan shekarun da mai bincike zai yi kan kwantiragin wucin gadi.

Inda hanya ke matsewa

Lissafin ba shi da wuya. Farfesa guda na iya yaye daktoci da yawa a tsawon aikinsa, amma ranar da zai yi ritaya kujera ɗaya zai bari. Fannin kuma ƙarami ne, jami'o'in da ke da rukunin masu lissafin filasma ba su da yawa. Shekarun yawon fosdok kan faɗo daidai lokacin da mutum ke son yin aure da zama wuri ɗaya, ga ƴan uwa a gida na jiran aike daga wanda suka ji an ce ya zama dokta.

Waɗanda ba su samu kujera ba, ba a titi suke ƙarewa ba. Kamfanoni masu zaman kansu irin su Commonwealth Fusion Systems a Amurka da Proxima Fusion a Jamus na ɗaukar masana filasma. Wasu kan koma aikin rubuta manhajar kwamfuta, nazarin alƙaluma ko masana'antar kayan lantarki.

Komawa gida fa?

Wanda ya dawo koyarwa a jami'o'in Nijar zai hau matakan CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu, daga mataimakin malami har zuwa cikakken farfesa. A nan ma da maƙalun da aka wallafa ake hawa. Mai lissafi ya fi mai gwaji sauƙin ci gaba da bincike daga gida, tunda sababbin maƙalu da dama na fitowa kyauta a rumbun arXiv da aka buɗe a 1991. Abin da ke kashe gwiwa shi ne kaɗaici da yawan awannin aji.

Kaɗaicin ne ya sa Abdus Salam ya bar Lahor ta Pakistan ya koma Kambirij a 1954. Shekara goma bayan haka ya kafa cibiyar ICTP a Tiriyeste ta Italiya, domin masanan ƙasashe masu tasowa su riƙa zuwa su yi aiki na ɗan lokaci su koma gida. Cibiyar na shirya kwasa-kwasan filasma tare da hukumar makamashin nukiliya ta duniya.

Nijar ma ta taɓa ganin wanda ya yi nisa a kimiyyar fizik ya dawo. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, ya ci jarrabawar agregasiyo a Faransa a 1956, daga baya ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, ya kuma shugabanci jami'ar Yamai wadda ke ɗauke da sunansa a yau. Fanninsa hasken rana ne, ba filasma ba, amma tambayar da ya fuskanta ita ce ke jiran ɗalibin yau: a ina za a yi aikin, kuma wa zai amfana?

Ga ɗalibin da ke lisans a Yamai, Maraɗi ko Damagaram yana tunanin bin wannan hanya, abubuwa uku ne ake dubawa tun a ƙofar mastar: ƙarfinsa a lissafi, iya rubuta manhajar kwamfuta, da Turancin Ingilishi, wanda da shi ake wallafa kusan duk maƙalun fannin. Na huɗun shi zai tambayi kansa da iyayensa: shekara nawa gida zai iya jira?