Bazara ɗaya, alluna huɗu: abin da tekun Cornwall ya koya wa 'yar Zariya

Ranar da na tura wa Umma hotona ina tsaye a bakin teku, sanye da baƙar rigar roba daga wuya har idon sawu, ga wani allo da ya fi ni tsawo a hammata, ba a yi minti biyu ba sai ga kiranta. Ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Ke 'yar nan, aikin asibiti kika tafi yi ko wasa da 'yan ruwa?" Na ce, "Umma ki yi haƙuri, motsa jiki ne kawai." Ta ce ita dai ba ta san motsa jikin da ba a yin sa a tudu ba.

Ban ga laifinta ba. A Zariya na tashi, ruwan da na sani shi ne na rijiya da na famfo, sai kududdufin da ake yi mana kashedi da shi duk damina. Shekara huɗu ke nan ina aikin jinya a Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, inda teku ya kusa kewaye ƙasar. Shekara ukun farko kallonsa kawai nake yi ta tagar bas.

Bara ne abin ya sauya. Wata ƙawata ta zo mini hutu daga Birmingham da yaranta biyu, muka je bakin teku da shinkafarmu a kula. Muna cikin hira sai na ga iska ta fara jan robar da aka hura wa ƙaramin, tana yin ciki da shi a hankali. Mai gadin bakin teku ne ya shiga ya jawo shi, ko kuka yaron bai yi ba. Ni kuwa ina tsaye ruwa iya idon sawu, nas guda da ta iya farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, amma ba ta iya taku goma cikin ruwa ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

A watan Janairu na shiga ajin koyon iyo na mata zalla a wani wurin ninƙaya na cikin gari. Sai da na yi wata biyar ina zuwa kafin na yarda na tunkari teku. Ina faɗin wannan tun da wuri ne don kada wani ya karanta sauran labarin ya tsallake wannan matakin.

Yuni: allon soso

Allon da ake fara koyo da shi dogo ne, ƙafa 8 zuwa 9, mai faɗi, an lulluɓe shi da soso don ko ya buge ka ba zai fasa maka kai ba. Akwai maɗauri da ke haɗa shi da idon sawunka. Fam 40 na biya a darasin farko na awa biyu a Newquay, har da aron allo da rigar roba. Rigar kuwa dole ce, domin ruwan Cornwall ko a tsakiyar bazara ba ya wuce digiri 15 zuwa 18. Ga mu mata musulmi ma ta zo daidai: ta rufe jiki duka, na ɗora doguwar rigar iyo a sama, na sa ɗankwalin iyo mai kama kai.

Mai koyarwa ya fara da mu a kan yashi. Ka kwanta rub da ciki, ka tuƙa da hannu, in igiyar ruwa ta turo ka sai ka dafa ka miƙe tsaye a tashi ɗaya. A yashi kowa gwani ne. A ruwa kuwa na sha gishiri har na ƙoshi. Sai a darasi na uku na tsaya, na daƙiƙa huɗu ko biyar, farin kumfa yana tura ni zuwa gaɓa, ina ihu kamar wadda aka ce ta ci kujerar Makka.

A nan na fara gane cewa igiyar da muke hawa ba a bakin gaɓa aka haife ta ba. Guguwa ce ke kaɗa ruwa can tsakiyar tekun Atlantika, motsin ya yi tafiyar kwanaki, sai ya iso inda ƙasa ta yi tudu ya tashi tsaye ya karye. Shi ya sa gaɓar arewacin Cornwall, wadda ke fuskantar Atlantika, ta fi ta kudu manyan igiyoyi, kuma shi ya sa bakin ruwan Fistral ya yi suna har ake gasa a can duk watan Agusta lokacin bikin Boardmasters.

Yuli: dogon allo, da ranakun da teku ya kwanta

Da na ɗan samu ƙafa sai wata abokiyar aikina ta ara mini dogon allonta mai tauri, ƙafa 9 da ɗoriya. Ana goga masa kakin da ke hana santsi. Ya fi na soso gudu da jin magana, amma in ya bugi ƙashin ƙafa sai ka tuna da shi har sati. Na kuma gwada gajeren allon nan na ƙwararru, mai kusan ƙafa 6 da tsinin baki, wanda ake gani a talabijin. Minti ashirin na yi ina nutsewa da shi na mayar wa mai shi. Gajeren allo ba ya ɗaukar nauyin mutum sai da gudu, gudun kuma sai wanda ya iya karanta ruwa.

A ƙarshen watan teku ya kwanta lumui kamar ruwan randa, kusan kwana goma babu abin hawa. Sai muka koma allon tsayuwa, wanda ake hura wa iska, a hau a tsaye ana tuƙawa da filafili ɗaya kamar mai kwalekwale. Shi ya fi sauƙin koyo, shi ne kuma na fi ganin mutanenmu suna saye a intanet suna tahowa da shi a but ɗin mota. Sauƙin nasa ne tarkon. Mutum a tsaye a kan allo mara nauyi, jikinsa ne ke tare iska. In iskar daga tudu take busawa zuwa teku, kafin ka ankara ta yi nisa da kai, kuma hannunka ba zai iya ja da ita ba.

Agusta: allo mai ƙyalle

Da iska ta dawo sai ta dawo da ƙarfi, tana busowa daga teku, ta dagula igiyoyin suka zama kamar ana dama kunu. Masu hawan igiya suka koma gida suna tsaki, masu allo mai ƙyalle kuma suka fito suna murna. Ranar da ta ɓaci ga wani ita ce kasuwar wani.

Wannan allon an kafa masa sanda a tsakiya, wadda ke juyawa ta kowane gefe, da babban ƙyalle mai kama iska da kuma mariƙi. A tafkin Stithians na koya, inda babu igiya kuma gaɓa na kusa. Allon 'yan koyo faffaɗa ne kamar ƙofa, ƙyallen kuma ƙarami. Aikin farko shi ne ɗago ƙyallen daga ruwa da igiya, baya a miƙe, gwiwa a lanƙwashe, daidai yadda ake koya mana ɗaga majinyaci. Wanda ya ja da bayansa zai kwana da ciwon ƙugu. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yarda in jingina baya in bar iska ta riƙe ni. Ranar da na yarda, allon ya yanka ruwa shiru, ba ƙarar inji, sai na ji gajiyar aikin dare uku ta sauka daga kafaɗata.

A nan Ingila suna alfahari da cewa wani yaro ɗan shekara 12, Peter Chilvers, ya haɗa irin wannan allo a tsibirin Hayling a 1958, kodayake Jim Drake da Hoyle Schweitzer na Kalifoniya ne suka yi masa rajista suka kai shi kasuwa a ƙarshen shekarun 1960. Ya shiga gasar Olamfik a 1984. Hawan igiya kuwa, duk da tsufansa, sai a gasar Tokyo da aka yi a 2021 ya samu shiga.

Wasan Turawa ne?

Haka wani ɗan uwa ya rubuto mini a WhatsApp. Tarihin da aka fi sani daga Hawai yake, inda Duke Kahanamoku, wanda ya ci zinare a iyo a Olamfik ta 1912, ya yaɗa wasan zuwa Amurka da Ostireliya. Amma masanin tarihi Kevin Dawson ya tattaro bayanan matafiya da ke nuna cewa mutanen gaɓar Afirka ta Yamma sun daɗe suna hawa igiya. Wani Bature, James Alexander, ya ga yara a Accra a 1834 suna shiga teku da ƙananan alluna a ƙarƙashin cikinsu, suna jiran igiya ta kawo su gaɓa. Yau ma ana hawa a Busua ta Ghana, da Tarkwa Bay ta Legas, da tsibirin Ngor na Dakar, garin su Khadjou Sambe, mace ta farko a Senegal da ta mai da wasan sana'a. Mu ma da ba mu da teku, wanda ya taɓa ganin masunta a Argungu sun rungume gora suna yawo a kan ruwan Matan Fada ya san dabarar kwanciya a kan abu mai iyo ba baƙuwa ba ce.

Abin da ya rage mana a nan shi ne iyon kansa. Alƙaluman hukumar Sport England da aka yi ta ambata a 2020 sun nuna kashi 95 cikin 100 na manya baƙar fata a Ingila ba sa iyo, yara kuma kashi 80. Amma duk ranar da aka yi zafi muna cika motoci mu nufi bakin teku.

Yammacin da ruwa ya ja ni

A makon ƙarshe na Agusta na tashi aiki a makare, na isa bakin ruwa bayan ƙarfe shida, masu gadi sun sauke tutocinsu sun tafi. Na san ƙa'ida, na karya ta. Na hango wani wuri da ruwan ya yi duhu ya kwanta, babu kumfa, na ce bari in bi ta nan ya fi sauƙi. Ashe nan ne hanyar da ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa yake bi ya koma teku, kamar kwata bayan ruwan sama. Cikin abin da bai fi minti biyu ba mutanen da ke kan yashi suka zama ƙanana a idona.

Abu na farko da ya zo mini shi ne in sauka daga allon in yi iyo zuwa gaɓa. Da na yi haka, Allah kaɗai ya san ko da ni ke rubuta wannan. Na tuna maganar mai koyarwa: kada ka saki allo, kada ka yi kokawa da ruwa. Na kwanta a kan allon soson nan da nake rainawa, ina salati, na tuƙa ta gefe, a jere da gaɓa, har na fita daga jan. Wani mai dogon allo ya matso ya raka ni muka fito. Na zauna a yashi gwiwoyina suna rawa.

Ba kowa ke samun wannan sa'ar ba. A Oktoban 2014 manya uku masu hawan igiya sun rasu a Mawgan Porth, kusa da Newquay, a irin wannan jan ruwa, lokacin da babu masu gadi. A Agustan 2016 samari biyar da suka zo yini daga Landan suka nutse a Camber Sands, inda a lokacin babu masu gadi su ma.

Kafin ku loda mota

Ku zaɓi bakin ruwa mai masu gadi. A yawancin gaɓar Cornwall ma'aikatan ƙungiyar RNLI ne, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 6 na yamma a lokacin bazara. Tsakanin tutoci masu ja da rawaya ake iyo, nan ne kuma wurin ƙaramin allon kwanciya da yara ke so. Tsakanin masu baƙi da fari wurin manyan alluna ne. Jar tuta zalla tana nufin kada kowa ya shiga. In kuka ga an ɗaga jakar iska mai ruwan lemo, iska tana busawa zuwa teku, a bar duk abin hurawa a mota. Ku duba lokacin cikar teku, domin a Newquay bambancin cika da janyewa kan kai wajen mita 7, kuma lungun da kuka shimfiɗa tabarma da azahar yana iya zama ruwa da la'asar.

Wanda ya faɗa ruwan sanyi ba shiri, numfashinsa zai sarƙe, zuciya ta yi ta bugu. Wannan yakan lafa cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ya kwanta rigingine, kunnuwa cikin ruwa, ya buɗe hannu da ƙafa har numfashi ya daidaita, sannan ya nemi taimako. Wanda ke tudu kuma kada ya bi shi ciki. Ya kira 999 ya nemi masu tsaron gaɓa, ya jefa masa abin da ke iyo. 'Yan uwana mata, don Allah kada a shiga teku da abaya ko zani, in suka jiƙe nauyi suke yi su nannaɗe ƙafa.

Akwai ƙananan abubuwa da muke gani a asibiti duk bazara. Wani ɗan kifi mai ƙaya yana ɓuya a yashin ruwa mara zurfi, in aka taka shi zafin kamar harbin kunama. Maganinsa a tsoma ƙafar a ruwan zafi gwargwadon yadda za a iya jurewa na aƙalla minti 30. Duk wanda aka ciro daga ruwa yana tari ko numfashi da ƙyar, a kai shi asibiti ko ya ce ya warware. Baƙar fata ma rana tana ƙona ta, a shafa man kariya. Bayan ruwan sama mai yawa kuma a duba sanarwar ƙungiyar Surfers Against Sewage, wadda aka kafa a Cornwall a 1990, domin akan saki ruwan ƙazanta cikin teku.

Yanzu Satumba ta kama, baƙi sun watse, ruwan bai riga ya huce ba. Yaran ƙawata sun shiga ajin iyo a Birmingham, uwarsu ma ta ce za ta fara bayan an koma makaranta. Umma kuwa har yau ba ta sauko ba, amma ta sauya salo. Duk ranar Asabar da safe sai ta kira ta ce, "Yau ma za ki shiga?" In na ce eh, sai ta ce, "To masu tutar nan suna nan?" Sai na ɗaga wayar na nuna mata tutocin, sannan ta yi mini addu'a ta kashe.