Ƙungiyar Masu Zane Da Ta Faro Daga Cin Abincin Dare

Kafin hoton kyamara ya mamaye jaridu da mujallu, masu zane da hannu su ne ke ƙawata labarai da tallace-tallace. Amma kowannensu zaman kansa yake yi, daga shi sai alƙalaminsa da editan da ke ba shi aiki.

Wannan ne ya sa ran 1 ga watan Fabrairu, 1901, waɗansu masu zane su tara, tare da wani ɗan kasuwa mai ba su shawara, suka kafa ƙungiya a birnin New York ta ƙasar Amurka, suka sa mata suna Society of Illustrators. Da fari ba su da ko ɗaki nasu. Sau ɗaya a wata sukan taru su ci abincin dare, su yi hira a kan sana'a. Har shahararren marubucin nan Mark Twain ya taɓa zama baƙonsu.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, sai gwamnati ta nemi taimakonsu. Charles Dana Gibson ya ja ragamar 'yan'uwansa, suka yi ta zana takardun manna wa bango na kiran samari shiga soja. A Yaƙi na Biyu kuwa asibitoci suka riƙa bi, suna zana fuskokin sojojin da suka ji rauni, ana aika wa iyalansu don hankalinsu ya kwanta.

Mata ba su sami zama cikakkun 'yan ƙungiya ba sai a 1922.

To, ina suka sami kuɗin gida? Wasannin raha da suke shiryawa don nishaɗin kansu su ne suka jawo musu arziki, domin masu gidajen wasa sun sayi izinin nuna waɗansu daga ciki. Da abin da suka tara, a 1939 suka sayi wani tsohon gidan ajiye keken doki a titi na 63, inda suke har yau.

A 1958 suka fara karrama gwanayen sana'ar, Norman Rockwell ne na farko. A 1981 suka buɗe gidan adana zane-zane a cikin ginin, don kada aikin magabata ya bi tsofaffin jaridu zuwa bola.

Da ma Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.