Kwazazzabo: kallo daga baki, kallo daga sama

A jihar Arizona ta Amurka akwai wani makeken kwazazzabo, Grand Canyon, wanda kogin Kolorado ya yi shekaru miliyan 5 zuwa 6 yana haƙawa. Tsawonsa kilomita 446 ne, zurfinsa kuwa a wasu wurare ya haura mita 1,800. Kusan mutum miliyan 5 ke zuwa kallonsa duk shekara, akasarinsu a baki suke tsayawa. Gwanayen ɗaukar hoto ba su damu da rana tsaka ba, sun fi son fitowarta ko la'asar sakaliya, lokacin da inuwa ke fito da zurfin ramin.

Masu hali kan hau jirgi mai saukar ungulu, amma da sharaɗi. A 1956 jiragen fasinja biyu sun yi karo a samaniyar kwazazzabon, mutum 128 suka mutu. Dokar 1987 ta hana jiragen yawon buɗe ido sauka ƙasa da bakin ramin. Duk da haka, sai daga saman ake ganin yadda ƙananan magudanai ke rarrabuwa kamar saiwar bishiya.

A ganina, wannan kallon na sama ya fi amfanar mutumin garuruwanmu irin su Mawashi, Kusada ko Kankiya fiye da ɗan yawon buɗe ido. Can dutse ruwa ke ci, sannu a hankali. Nan jigawa ce, damina ɗaya ta isa ta raba gona biyu. Kwazazzabo daga kai yake girma: ruwa ya zubo, ya ƙwaƙule gindi, bakin ya rufta, ramin ya ƙara matsowa baya. Manomin da ke tsaye a baki ɓarnar gonarsa kawai yake gani. Hoton tauraron ɗan'adam, irin wanda Google Earth ke nunawa kyauta, shi ke tona inda ruwan ya taso, ko kwalbati ce, ko burtali, ko ramin masu ɗiban yashi.

A 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Mai neman a duba garinsu yana buƙatar hujja. Matasanmu masu waya, ku ɗauki hoton kwazazzabon garinku a Mayu da Oktoba, daga wuri guda, ku kai wa mai gari da ƙaramar hukuma. Amma kada ku matsa gab da baki, sau da yawa ƙarƙashinsa a ƙwaƙule yake.