Kafin ciwon sukari ya kankama: matakin da har yanzu ake iya juya akala

Ciwon sukari nau'i na biyu, wanda ya fi addabar manya, ba ya faɗo wa mutum dare ɗaya. Yakan yi shekaru yana share fage. A tsawon wannan lokaci sukarin jini yana haura ƙa'ida, amma bai kai mizanin da likita zai ce cuta ta kama ba. Wannan tsaka-tsakin ake kira matakin gab da ciwon sukari. Yawancin masu shi ba su sani ba, domin ba ya sa zazzaɓi, ba ya hana zuwa ofis.

Idan mutum ya ci tuwo ko shinkafa ko burodi, jiki yana mayar da su sukari ya zuba cikin jini. Wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, tana fitar da sinadarin insulin, shi kuma ya buɗe wa sukarin hanyar shiga tsoka da hanta. Idan kitse ya taru a ciki, tsoka kuma ta rage motsi, sai jiki ya daina jin umarnin insulin yadda ya kamata. Fankiriyas takan ƙara ƙaimi domin cike giɓin, har ta fara gajiya. Daga nan sukari ya rinƙa kwana cikin jini, yana yi wa jijiyoyi da ƙoda da idanu illa sannu a hankali.

Gwaji ne kaɗai ke tona asiri

Hanya mafi sauƙi ita ce awon jini da safe bayan awa takwas ba a ci komai ba. A ma'aunin ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka, sakamakon da ke tsakanin 100 da 125 mg/dL yana nuna matakin gab. Daga 126 zuwa sama, idan an sake gwaji ya tabbata, ciwon sukari ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana fara ƙirga matakin daga 110. Akwai kuma gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku: kashi 5.7 zuwa 6.4 gab ne, 6.5 cuta ce. Sai dai cutar sikila da ƙarancin jini suna iya karkatar da sakamakon wannan gwaji, don haka mai ɗayansu ya sanar da likita tun farko.

Waɗanda ya fi kamata su gaggauta gwaji su ne wanda ya kai shekara 35, da mai iyaye ko 'yan uwa na jini masu ciwon, da mai hawan jini, da macen da sukarinta ya taɓa hawa lokacin goyon ciki ko ta haifi jariri sama da kilo 4. Faɗin ƙugu ma alama ce: santimita 94 ga namiji, 80 ga mace. Haka nan fatar wuya ko ta hammata da ta yi duhu da kauri, wadda wasu ke ɗauka dauɗa ce.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2002 aka wallafa sakamakon wani babban bincike a Amurka da ya shafi mutum 3,234 da ke wannan mataki. An nemi rukuni ɗaya su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako. Cikin kimanin shekara uku, kamuwa da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 a cikinsu. Waɗanda aka ba maganin metformin sun samu ragin kashi 31. Ga mai nauyin kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo shida da ɗoriya ba. Minti 150 kuwa tafiya ce ta sauri ta rabin awa, kwana biyar a mako.

Rayuwar ma'aikaci a Abuja

Lissafin yana da sauƙi a takarda, amma tsarin aiki a babban birnin tarayya ba ya taimakawa. Wanda ke tasowa daga Mararaba ko Kubwa ko Gwagwalada yakan zauna a mota cikin cunkoso, ya zauna a kujera daga ƙarfe takwas zuwa huɗu, ya sake zama a hanyar komawa, sannan ya ci abinci mai nauyi da dare ya kwanta. Hadiman manyan jami'ai ma lokacin cin abincinsu ba a hannunsu yake ba. Abin da aka raba a taro, lemo da biskit, shi ne kalacinsu.

Nan ya kamata gyara ya fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga baligi. Robar lemo guda ta santilita 50 tana iya cinye wannan kaso gaba ɗaya. Harajin naira 10 a kan kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora wa lemon zaƙi bai rage sukarin da ke cikin kwalba ba. Zoɓo da kunun aya da shayin da aka cika wa sukari su ma suna cikin lissafi.

A faranti, a rage malmalar tuwo da tulin shinkafa, a ƙara wake da kifi da miyar ganye, irin su zogale da alayyafo. A ofis, a hau matakala maimakon na'urar hawa bene, a miƙe a taka duk bayan rabin awa, a yi tafiyar minti goma bayan abincin rana, domin tsoka mai motsi tana zuƙe sukari daga jini. Isasshen barci da barin taba suna ƙara taimakawa.

Wanda gwaji ya nuna yana matakin gab kada ya ruga neman jiƙe-jiƙe ko ya sayi magani da kansa. Ya koma asibitin da ya yi rajista ƙarƙashin inshorar lafiya, likita ya duba hawan jini da kitsen jini tare, a kuma sake awon sukari kowace shekara. Da yawa daga waɗanda suka rage nauyi suka dage da tafiya sukan ga sukarinsu ya koma daidai.