Fadama a Ƙasar Dogon Daji, Tambuwal da Kebbe: Yadda Ake Gane Ta da Yadda Ake Kula da Ita

Fadama ita ce ƙasa mai kwari wadda ruwa ke kwanciya a kanta da damina, ya janye da kaka, ya bar danshi har cikin rani. A yankinmu na kudancin Jihar Sakkwato, mafi girmanta ita ce wadda ke bin Gulbin Zamfara, wanda ya fito daga wajen Gummi, ya ratsa ƙasar Kebbe, ya nufi Jega. Akwai kuma ƙananan kwaruruka da tafukka a ƙasar Dogon Daji da Tambuwal.

Abin da nake son malamai su koya wa ɗalibai shi ne, ba da damina ake gane iyakar fadama ba, da rani ne. Masana suna duba alamomi uku. Na farko ruwa: in an haƙa rami kaɗan a tarar da shi kusa. Na biyu ƙasa: laka ce mai dararrashewa idan ta bushe, cikinta toka-toka da ɗigo-ɗigon ja kamar tsatsa. Dalili kuwa, ruwa yana hana iska shiga, sai sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙasar ya sauya launi. Na uku tsirrai, irin su bado da kainuwa da burugu, waɗanda ba su rayuwa a tudu.

Rayuwar fadama ta dogara ga ambaliyar shekara-shekara. Ita ke kawo sabuwar laka, ta ba kifi wurin ƙwai, ta kuma nutse ƙasa ta cika rijiyoyin masu lambu. Misali yana kusa da mu: bayan kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, ambaliya ta ragu a ƙasa da ita, noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya a garuruwa da dama.

A da, Sarkin Ruwa ke ƙayyade lokacin su, Sarkin Noma da Arɗo su daidaita lokacin shigar shanu bayan girbi. Da shirin bunƙasa fadama na ƙasa ya zo a farkon shekarun 1990 da tallafin Bankin Duniya, injinan ban-ruwa suka yawaita, albasa da shinkafar rani suka samu. Sai dai a shekarun da na yi ina aikin gwamnati, na ga inda lambu ya cinye burtali da mashaya, kuma daga nan rikicin manomi da makiyayi ke tasowa.

Duniya ta amince da muhimmancin irin wannan ƙasa tun yarjejeniyar Ramsar ta 1971 a ƙasar Iran. Namu aikin shi ne hakimai da dattawa su zaga da rani, su shata iyakar kowace fadama bisa alamomin nan uku, a ware burtali da mashaya a rubuce, a hana gini da zuba shara a ciki. Allah Ya sa mu bar wa na baya abin da muka gada.