Hoton Nukiliya da Awon Ƙoda: Ina Kuskure Ke Shiga?

Likita ba ya yarda a cire wa mutum ƙoda don a dasa wa ɗan'uwansa sai ya san adadin jinin da ƙodojinsa ke tacewa a minti guda. Mai lafiya yakan haura mililita 90. Idan awon ya zauna ƙasa da 60 har wata uku, ciwon ƙoda ya kama. Da wannan lamba kuma ake auna maganin ciwon daji na carboplatin. Gwajin kiriyatinin da aka saba yi kirdado ne, domin yawan tsokar jiki na karkatar da shi, shi ya sa ake komawa ga awon nukiliya idan ana son gaskiyar lamari.

Hanya biyu ce. Ta farko, a yi wa mutum allurar sinadarin DTPA da aka haɗa da teknishiyam, a riƙa ɗibar jini bayan awa biyu, uku, huɗu, a ga saurin raguwarsa. Ta biyu ita ce wadda wani masani mai suna Gates ya fito da ita a farkon shekarun 1980: a kwantar da mutum a kan kyamarar gama, a ƙirga adadin sinadarin da ƙoda ta ɗauka tsakanin minti na biyu da na uku bayan allurar. Wannan ta biyun ta bazu, kuma dalilin a fili yake. Ba ɗibar jini, ba wuni a asibiti, ga hoton kowace ƙoda daban.

Sai dai sauƙin nan yana da nasa matsalolin. Kyamara daga baya take hango ƙoda, naman da ke tsakani yana shanye wani ɓangare na hasken da sinadarin ke fitarwa. Zurfin ƙodar kuwa ba a cika auna shi ba, daga tsawo da nauyin mutum ake lissafa shi. Kuskuren santimita ɗaya kacal na iya gusar da sakamako da kusan kashi 15 cikin 100. A jikin mai ƙiba, ko ƙaramin yaro, ko wanda ƙodarsa ba ta zauna a mazauninta ba, lissafin yakan kauce. Ma'aikata biyu ma na iya zana iyakar ƙoda ɗaya a kwamfuta su fito da lamba biyu.

Hanyar jinin ita ma ba ta tsira ba. Teknishiyam na rasa rabin ƙarfinsa duk awa shida, wato kusan kashi 2 cikin 100 a minti goma, don haka agogon ɗakin allura da na ɗakin gwaji dole su zama ɗaya. Idan allura ta zame daga jijiya ta zuba a nama, ko aka manta da auna ragowar da ke cikin sirinji, an ɓata aikin tun daga tushe. Abin da ya fi damuna shi ne irin wannan kuskure ba ya nuna kansa. Takarda za ta fito tsaf da lambarta.

Wani abu ya ƙara zaburar da masana. A 2019 kamfanin GE ya daina samar da sinadarin EDTA mai kuromiyam, wanda asibitocin Turai suka daɗe suna dogaro da shi, sai da yawa suka koma DTPA, suka shiga sake tantance hanyoyinsu: gwajin kyamara kowace safiya, gwajin na'urar auna allura, duba tsabtar sinadari, ɗaukar hoton wurin da aka yi allura.

Mu a nan, inda ciwon ƙoda ya addabi Gashuwa da kewaye, ana kuma dashen ƙoda a Kano, batun ya shafe mu kai tsaye. A ganina kyamara ta isa a kwatanta ƙodar dama da ta hagu. Amma ga mai ba da ƙoda da mai karɓar maganin daji, a daure a ɗebi jini, ko da za a wuni.